Inji Biyu Ko Gwanintar Matuƙi: Me Ke Riƙe Jirgi A Sama Idan Inji Ya Mutu?

Shin jirgin sama mai inji biyu ya fi mai inji ɗaya aminci? Matuƙin da ke alkafura da jirgi dab da ƙasa a gaban 'yan kallo kuma, gwani ne ko mai ganganci da rai? Tambayoyin nan biyu tare suke tasowa a fadodin Yamai duk lokacin da wani tsohon bidiyo ya sake zagayowa ta WhatsApp da Facebook. A cikinsa ana ganin ƙaramin jirgi mai farfela biyu, matuƙinsa ya kashe injunan duka a sama, ya yi alkafura, ya mirgina, ya sauko ya taɓa ƙasa da taya ɗaya, ya koma kan ɗayar, sannan ya gangaro har gaban jama'a bai sake tada inji ba. A wani yankin bidiyon kuma yana tsiyaya shayi a kofi daidai lokacin da jirgin ke kife, shayin bai bi fuskarsa ba.

Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne. Wasu sun ce ba abin mamaki ba ne tunda inji biyu gare shi, sun manta an kashe su duka biyun. Akwai kuma masu cewa jefa kai ne cikin halaka, kamata ya yi a hana. Bidiyon dai gaskiya ne, ya girmi fasahar haɗa hotunan ƙarya da shekaru masu yawa. Amma abin da ya nuna ya saɓa wa abin da mutane ke ɗauka. Jirgi yana zama a sama ne da gudu da kuma tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa. Inji hanya ce kawai ta samun waɗannan biyun.

Dattijon bidiyon da jirginsa

Sunansa Bob Hoover, Ba'amurke, an haife shi a 1922 ya rasu a 2016. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun harbo jirginsa a 1944, ya yi sama da shekara a tsare, daga baya ya sace jirgin yaƙinsu ya tsere da shi. A 1947, ranar da matuƙin Amurka Chuck Yeager ya fara wuce gudun sauti, Hoover ne ke biye da shi a wani jirgin yana lura. Ya shafe shekaru yana gwajin sabbin jirage, aikin da ake biyan mutum don ya gano iyakar abin da jirgi zai iya ɗauka kafin a miƙa wa sauran matuƙa.

Jirgin da ke cikin bidiyon ana kiransa Shrike Commander. Ba don wasa aka ƙera shi ba, na ɗaukar 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfani ne, fukafukansa a sama, kowane ɓangare da injin Lycoming mai ƙarfin doki 290. Yanzu yana ajiye a gidan tarihin jirage na Smithsonian kusa da birnin Washington.

Farfela ba ta nuna irin inji

A nan ma ana yawan ruɗewa. Ganin farfela ba ya nufin injin fistin ne. Manyan jirage masu farfela da ke sauka a filin Diori Hamani, irin su ATR da Dash 8 da C-130 na soja, injin tarbin gare su, ɗan'uwan injin jet ne da aka ɗaura wa farfela, kuma kananzir ɗin jirgi yake sha. Injin fistin kuwa shi ne wanda kowane makanike a Yamai zai gane da kallo ɗaya: silinda, fistin, bawul, buji. Bambancinsa da na mota shi ne yawanci iska ke sanyaya shi, kowace silinda tana da buji biyu, kuma wutarsu daga magneto take zuwa, wata 'yar na'ura da injin kansa ke juyawa, saboda haka ko batir ya mutu inji na ci gaba da aiki. Maganarmu a kan ƙananan jirage ne masu irin wannan inji guda biyu, masu ɗaukar mutum huɗu zuwa takwas ko goma, irin su Beechcraft Baron, Piper Seneca, Cessna 310 da shi kansa Commander.

Gudu da tsayi, jarin matuƙi

Jirgin da ke sama yana da jari iri biyu da ake canza ɗaya da ɗaya. Idan ya sunkuyar da hanci, tsayi ya ragu gudu ya ƙaru. Idan ya ɗaga hanci, gudu ya koma tsayi. A kowane canji iska tana cin nata kason, shi ya sa ake buƙatar inji ya riƙa cike gibin. Abin da Hoover ke yi shi ne ya tara jarin tukuna, ya hau sama, ya gangaro da gudu mai yawa, sannan ya kashe inji ya riƙa kashe jarin nan da lissafi, alkafura ta ci nata, mirginawa ta ci nata, ya bar daidai abin da zai kai shi titin sauka. Kafin ya kashe injunan kuma yana juya ganyayen farfela su ba iska gefe, don kada su zama birki.

Sai batun matsi, wanda masu harkar ke aunawa da harafin G. G 1 shi ne nauyinka na kullum kana zaune. Idan jirgi ya yi kwana mai tsanani ko ya ɗago daga gangara, matsin yana ninkuwa. A G 4, mai kilo 70 zai ji kamar kilo 280 ke danne shi a kujera, jini ya sauka daga kai zuwa ƙafafu, gani ya fara dushewa daga gefe, idan abin ya daɗe sai duhu, sai suma. Sirrin shayin nan ma matsi ne: a irin mirginawar da ya yi, yana kewaya ne a faɗaɗe ta yadda matsin kullum ke tura komai zuwa ƙasan jirgin, ko jirgin na miƙe ko yana kife. Shayi ƙasan jirgi ya sani, bai san inda ƙasar duniya take ba. A 1955 wani matuƙin gwaji na Boeing, Tex Johnston, ya yi irin wannan mirginawa da katon jirgin da daga baya ya haifi Boeing 707, a saman tafkin birnin Seattle.

Fukafukai ma suna da iyaka. Ƙaramin jirgin sufuri na yau da kullum an ƙera shi ya jure G 3.8, na wasa kuma aƙalla G 6, wasu irin su Extra 300 har G 10. Gwanintar Hoover ita ce laushin hannu, yana yin abin da ido ke gani kamar tashin hankali ba tare da ya matsa wa jirgin fiye da ƙima ba. A 1983, a garin Plainview na jihar Texas, wani matuƙi ya yi irin wannan wasa da jirgin Partenavia mai inji biyu. Ya wuto da gudu fiye da na ƙa'ida, ya fizgi sandar tuƙi da ƙarfi, fukafukan biyu suka karye daga bayan injuna a gaban 'yan kallo. Injunansa lafiyarsu ƙalau har lokacin.

Abin da ke sa kusa da ƙasa ya zama tarko

Alkafura a mita 2,000 da alkafura a mita 100 motsi ɗaya ne, bambancin shi ne wurin gyara kuskure. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana cin mita 83 a kowace daƙiƙa. Idan hancinsa na kallon ƙasa daga mita 150, daƙiƙa biyu ba su cika ba zai iso. Kuma matuƙin da ya ga ƙasa ta taso masa ba zai iya fizgar sanda yadda ransa ke so ba. Fiffike yana ɗaga jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan aka karkata shi da yawa, iskar ta rikice, ɗagawar ta yanke nan take. Gudun da ake buƙata don kauce wa haka yana ƙaruwa da matsi: a G 2 ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari, a G 4 ya ninka biyu. Gaba kura baya sayaki ke nan, ka ja a hankali ƙasa ta riske ka, ka ja da ƙarfi fiffike ya sake ka.

Shi ya sa masu wasan ke kafa wa kansu abin da suke kira ƙofa: a ƙololuwar alkafura, jirgi na kife, dole matuƙi ya dubi agogon tsayi da na gudu. Idan lambobin ba su kai abin da ya tsara tun a ƙasa ba, ya mirgina ya miƙe ya fasa, 'yan kallo ma ba za su gane ba. A ranar 22 ga Agusta 2015, a Shoreham da ke kudancin Ingila, wani tsohon jirgin yaƙi Hawker Hunter ya kai ƙafa 2,700 a ƙololuwa (ƙafa ɗaya kamar santimita 30 ce), alhali abin da ake buƙata aƙalla 3,500 ne. Matuƙin bai fasa ba. Jirgin ya faɗa kan babbar hanyar mota, mutum 11 suka mutu, shi kuma ya rayu.

Wani lokacin kuskuren a takarda yake faruwa tun kafin a tashi. A watan Satumba 2003, wani matuƙin tawagar Thunderbirds ta sojan saman Amurka ya yi wasa da F-16 a Mountain Home, jihar Idaho. Agogon tsayi daga matakin teku yake ƙirge, shi kuma ya yi lissafi da tsayin filinsu na gida a Nevada, wanda ya fi na Idaho ƙasa. Sai ya fara juyowa daga ƙafa 1,670 maimakon 2,500. Ya cilla kansa waje da kujerar tsira ƙasa da daƙiƙa guda kafin jirgin ya daki ƙasa. Wannan kuskure ne da zai iya faruwa a nan: filin Yamai yana kusan mita 220 sama da teku, na Tawa ya kusa 390, na Agadas kuwa wajen 500.

Dokokin da ake bi yau, da jini aka rubuta su. A Ramstein ta Jamus, 28 ga Agusta 1988, jirage uku na tawagar Italiya suka yi karo, ɗaya ya afka cikin taro, mutum 70 suka mutu. A Sknyliv ta Ukraine, a 2002, jirgin Su-27 ya kashe 77. A ƙasashen da ke tsaurara doka, ba a yarda a nufo jama'a da motsin alkafura ba, sai dai a yi shi a kan layin da ke tafiya daura da su. A Amurka layin nan yana nesa da taro da ƙafa 500 zuwa 1,500 gwargwadon gudun jirgi. Matuƙi na gama-gari ba ya alkafura ƙasa da ƙafa 1,500. Mai neman izinin wasa yana farawa ne daga ƙafa 800, sai 500, sai 250, kafin a bar shi ya sauko har dab da ƙasa, kuma tsofaffin hannu ne ke tantance shi a kowane mataki. Ni a ganina wanda ya bi wannan tsani sana'a yake yi, mai haɗari dai amma sana'a. Mai ganganci shi ne wanda ya tashi da jirgin aiki, ya hango ƙauyensu ko gidan budurwarsa, ya ce bari ya sauko ya nuna musu.

Rabin inji ba rabin tafiya ba ne

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Hankali yana cewa idan inji ɗaya cikin biyu ya mutu, an rasa rabi. Ƙarfi dai rabi aka rasa, amma hawa sama da rarar ƙarfi ake yin sa. Ɗauki misali: jirgi mai injuna biyu, kowanne doki 200, jimilla 400. A ce yana buƙatar 170 don kawai ya tsaya a sama bai hau ba bai sauka ba. Rarar 230 ce ke hawar da shi. Inji ɗaya ya mutu, saura 200, rara ta koma 30. Shi ya sa makarantun tuƙi ke koyar da cewa ƙaramin jirgi mai inji biyu yana rasa kashi 80 ko fiye na ikon hawansa. Ƙa'idar Amurka da aka ƙera yawancinsu a ƙarƙashinta ma ba ta tilasta wa masu nauyin kilo 2,700 zuwa ƙasa, masu sauka a hankali, su iya hawa da inji ɗaya ba. An dai ce a auna a rubuta, ko da lambar ta nuna gangara ce.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni. Wanda ya taɓa ganin amalanken shanu biyu sa ɗaya ya durƙushe a hanya ya san abin: wanda ke tsaye gefe yake karkatar da amalanken, ga shi kuma yana jan ɗan'uwansa. Injin da ke aiki yana kan fiffike ɗaya, yana tura jirgin ya juya zuwa ɓangaren mataccen, ita kuma farfelar mataccen iska na juya ta tana riƙe jirgin baya.

Mu shiga ɗakin matuƙi a wannan lokaci. Jirgi ya bar ƙasa, bai wuce tsayin bene mai hawa goma ba, tayoyi na kan shiga. Sai hanci ya fizge hagu. Ƙafar dama ta danna feda har ƙarshe don allon wutsiya ya dawo da hancin. Hannu ya sassauta sanda, hanci ya ɗan sauko. A fuskar agogon gudu akwai ɗan jan layi da ɗan shuɗin layi. Shuɗin shi ne gudun da jirgi ya fi hawa da inji ɗaya, a kansa ake so allura ta tsaya. Jan kuwa shi ne iyaka, idan allura ta faɗi ƙasa da shi wutsiya ba ta da isasshiyar iskar da za ta rinjayi injin da ke aiki, jirgin zai kife ta ɓangaren mataccen. Matuƙi ya tura dukkan sandunan inji gaba, ya tabbata tayoyi sun shiga, sannan ya gano wanne ne ya mutu. Ƙa'idar da ake haddacewa ita ce ƙafar da ba ta aiki, ɓangarenta ne mataccen. Ya ja sandar man wannan ɓangare baya don ya tabbatar, ya juya ganyayen farfelarsa su ba iska gefe, ya ɗan karkata jirgin kamar digiri biyu zuwa biyar wajen inji mai rai. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu, zuciya na bugawa, fasinjoji na salati a baya.

Idan allura ta ƙi tsayawa tana gangarowa wajen jan layi, magani ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya ga ɗan Adam: ya rage wa inji mai lafiyar mai da hannunsa, ya sauka a duk filin da ke gabansa kamar mai inji ɗaya. Da yawa ba sa iyawa. Wasu kuma cikin ruɗewa lafiyayyen suke kashewa, kuma wannan ya faru har da manyan jirage. A 1989 a Kegworth ta Ingila matuƙan Boeing 737 sun yi haka, mutum 47 suka mutu. A 2015 a birnin Taipei matuƙan ATR 72 sun yi haka, 43 suka mutu.

Wani bincike da hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta fitar a 1979 ya nuna cewa haɗarin da ya biyo bayan mutuwar inji ya fi kisa a ƙananan jirage masu inji biyu fiye da masu ɗaya, kusan ninki huɗu. Masu inji biyu sun fi nauyi, sun fi gudu wajen sauka, kuma idan sun kife da kai suke zuwa. Sai dai masu kare su suna da hujja mai ƙarfi: duk jirgin da injinsa ɗaya ya mutu ya sauka lafiya da ɗayan, ba a rubuta shi cikin haɗura ba, saboda haka nasarorin ba sa shiga lissafi.

Zafin bazara a Tawa

Lambobin da ke cikin littafin jirgi an auna su ne da iska mai digiri 15 a matakin teku. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 43 ba labari ba ne. Iska mai zafi sakayau take, fiffike da farfela ba sa samun abin kamawa sosai, inji kuma ba ya shaƙar isasshiya. Matuƙa suna da ɗan lissafi na kai: kowane digiri ɗaya sama da ƙa'ida yana ƙara kamar ƙafa 120 ga tsayin da jirgi ke ji. Da wannan lissafi, da rana tsaka a digiri 43, jirgin da ke tsaye a filin Yamai ji yake kamar yana mita 1,300 sama da teku, na Tawa kuma kamar 1,500. Injin fistin marar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato tun kafin ya motsa ya yi asarar kashi 13 zuwa 15.

Ga abin da wannan ke nufi. Piper Seminole, wanda makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa da shi, iyakar tsayin da yake iya hawa da inji ɗaya cike da kaya kusan ƙafa 3,800 ne, wajen mita 1,150. A Tawa da azahar ɗin bazara, titin tashin kansa ya riga ya wuce wannan iyaka. Idan inji ɗaya ya mutu bayan tashi, na biyun ba zai hawar da jirgin ba, zai dai jinkirta saukarsa. Jirgin nan guda, da asubahin watan Janairu da rabin kaya, labarinsa daban ne. Don haka lambobin zafi da matsin iska da hasumiya ke karanta wa matuƙi kafin ya tashi ba al'ada ba ce kawai. Masu wannan aiki a ƙasashen ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama, da yawansu a nan Yamai aka horar da su, a makarantar koyon yanayi da harkar jiragen sama ta EAMAC da aka kafa a 1963.

Inda inji na biyu ke cin sunansa

Duk da haka kada a raina shi. Haɗarinsa a mintunan farko na tashi yake, amfaninsa kuma a tsakiyar tafiya. Idan jirgi ya riga ya hau, yana tsakanin Agadas da Dirku a saman Tenere, ko da dare, ko cikin hazo, mutuwar inji ga mai ɗaya tana nufin sauka nan da 'yan mintuna a duk inda ƙaddara ta ajiye shi. Ga mai biyu tana nufin ya ɗan gangaro zuwa tsayin da inji ɗaya zai riƙe, ya nufi fili mafi kusa. A watan Afrilu 1933 wani matuƙi ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya tashi daga Reggane ta Aljeriya ya nufi Gao da jirgi mai inji ɗaya. Injin ya tsaya, ya faɗi cikin hamada, ya rayu kwana takwas kusa da tarkacen yana rubuta abin da ke faruwa da shi. Sai a 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa.

Kamfanin da ya ƙera Commander ya san darajar wannan hujja. A 1951 sun cire farfela ɗaya suka ajiye ta cikin jirgin, suka tashi da inji ɗaya daga Oklahoma har Washington. Bayan 'yan shekaru shugaban Amurka Eisenhower ya riƙa hawa irin wannan jirgi zuwa gonarsa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Charles Lindbergh, wanda a 1927 ya zaɓi inji ɗaya da gangan don tsallake Tekun Atlantika daga New York zuwa Paris. Hujjarsa ita ce yawan inji yana ƙara yawan abin da zai iya lalacewa, kuma jirgin da ya cika da mai ba lallai ne sauran injunan su riƙe shi ba. Kowannensu yana da gaskiya a kan jirginsa da nauyinsa.

Akwai ƙananan fa'idodi: janareta biyu, ƙarin kaya, ƙarin gudu. Akwai kuma tsada, domin kowane inji yana da awanninsa, yawanci 1,800 zuwa 2,000, da ake so a kwance shi gaba ɗaya a sabunta, kuma biyu za a biya.

Mai, da abin da ya shafi fasinja da ɗan kallo

Abin da ya fi kashe kasuwar waɗannan jirage a Sahel shi ne mai. Injin fistin na gargajiya wani isansi na musamman yake sha, 100LL, mai ɗauke da dalma, an rina shi shuɗi. Matatar SORAZ ta Damagaram isansin mota da gazuwal da gas take fitarwa, shi wannan daga waje ake shigo da shi, da tsada, kuma ba kowane fili ke da shi ba. Kananzir ɗin jirgi kuwa duk inda manyan jirage ke sauka ana samun sa. Shi ya sa masu aiki a yankin suka karkata ga Cessna Caravan, mai inji ɗaya amma na tarbin, wanda ba ya yawan mutuwa kamar na fistin. Wasu kuma sun koma ga Diamond DA42 na ƙasar Ostiriya, mai injin fistin biyu irin na gazuwal da ke ƙona kananzir. Sojan saman Nijar na da ire-iren biyun.

Idan ka ga matuƙi kafin tashi ya tsiyayo mai daga ƙasan tanki cikin ɗan kofi mai haske ya ɗaga wa rana, abu biyu yake nema. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a gindin kofin kamar ƙwayoyi. Sannan launi da wari: shuɗi ne, ko an gauraya shi da kananzir? Idan yana shakka sai ya ɗiga a farar takarda, isansi ya bushe ya tafi, kananzir ya bar tabon maiƙo. Hoover da kansa ya ɗanɗana wannan. Bayan wani wasa a San Diego, yaron da ke zuba mai ya cika masa Commander da kananzir, jim kaɗan da tashi injunan biyu suka mutu tare, ya sauka a cikin tuddai, jirgin ya lalace, shi da fasinjojinsa suka tsira. Ya nemi yaron ya ce shi yake so ya zuba masa mai washegari. Daga baya aka faɗaɗa bakin famfon kananzir yadda ba zai shiga tankin jirgin fistin ba, ana kuma kiran sa da sunan Hoover. Gurɓataccen mai ko tankin da ya ƙare, duka injunan yake tsayarwa.

Ga wanda zai yi hayar ƙaramin jirgi, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin ƙungiya ko mai rakiyar marar lafiya, tambayar da ta fi "inji nawa gare shi?" amfani ita ce yaushe matuƙin ya yi atisayen mutuwar inji na ƙarshe, kuma da ƙarfe nawa za a tashi. Idan aka sa ka a sikeli kai da jakarka, ko matuƙi ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ko buhunan nan biyu su jira, ko mu jira asuba," wancan lissafin rarar doki 30 yake yi.

Ga 'yan kallo kuma, wucewar jirage a jere a saman fareti daban take da alkafura, haɗarinta ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan wata rana aka shirya wasan alkafura na gaske a Yamai ko Tawa, akwai abubuwa uku na gida da masu shiri za su yi fama da su: zafin da ke faɗaɗa kowace alkafura ya sa tana cin tsayi fiye da yadda matuƙi ya saba, hazon hunturu da ke shafe layin da sama ta haɗu da ƙasa, wanda da shi matuƙi ke gane ko yana miƙe, da kuma shirwa da sauran manyan tsuntsaye, musamman kusa da kogi da mahauta. Sai kuma halinmu na taruwa a inda ba a biyan kuɗin shiga, bisa katanga da soraye da bakin hanya. Tazarar da doka ta tsara, waɗanda ke cikin shinge take karewa. Mutum 11 na Shoreham duk a wajen filin suke, wasu a cikin motocinsu suna wucewa, wasu sun tsaya a gefen hanya suna kallo, daidai ƙarƙashin inda jirage ke juyowa.